Wane magatakardan na'ura ne zai iya da taronmu na Damagaram?

Wata Hajiya ta rubuto mini daga nan cikin gari, tana cewa: "Ni ce magatakardar ƙungiyarmu. Duk Talata muna taro ta intanet da biro ɗinmu na Yamai, sau ɗaya a wata kuma da masu ba mu kuɗi daga Turai. Ni nake rubuta PV, wato rahoton taro, kuma wallahi na gaji, ina rubutu ana wuce ni. An ce akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta komai su taƙaita. An ambata mini Otter, Fireflies, Fathom da wanda ke cikin Zoom. Wanne ya fi, wanne kuma ya dace da mu?"

Hajiya, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Kafin in ce miki ga wanda ya fi, akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma a kansa komai ya rataya: da wane harshe kuke taron? Na san amsar ko ba ki faɗa ba, don tun zamanin da ake fama da Skype nake haɗa wa ofisoshin garin nan waya da kwamfuta, har aka rufe Skype ɗin a watan Mayun 2025 ina nan ina yi. Ana buɗe taro da Faransanci, a karanta ajanda da Faransanci, kowa ya ba da rahotonsa da Faransanci. Da an iso wurin da magana ta yi zafi, wurin kuɗi ko wurin wa zai je Magaria ranar Asabar, sai wani ya ce "to, bari in faɗa da Hausa a gane." A nan ake yanke shawara. Kuma daidai nan ne waɗannan manhajoji suke kurumcewa. Duk wani kwatance da za ki karanta a intanet an yi shi ne don mutanen da ke taro da harshe ɗaya tun daga sallama har addu'ar tashi, kowa da kwamfutarsa da abin jinsa a kunne. Mu ba haka muke ba.

Bari in nuna miki yadda abin yake aiki, don in kin gane wannan ba wanda zai ruɗe ki da talla. Aiki uku ne a jere. Na farko, na'ura ta saurari murya ta mayar da ita rubutu. Na biyu, ta raba maganar, ta ce wannan wane ne ya faɗa, wancan wance ce. Na uku, wata na'urar daban, irin ta ChatGPT, ta karanta rubutun ta fitar da taƙaitawa da jerin ayyukan da aka ɗora wa kowa. Wannan ta ukun ba ta ji taron ba ko kaɗan, abin da ta farko ta miƙa mata kawai take gani. In ta farko ta kawo mata shirme, ba ta cewa "ban gane ba." Sai ta gyara shirmen, ta yi masa kwalliya, ya fito da Faransanci mai kyau kamar na tsohon mushe, wato malamin makaranta. Kuskuren da aka yi wa ado ya fi wanda ke tsirara haɗari, don wanda ke tsirara kowa zai gan shi.

Ga abin da na gani da idona. Wani biro da nake taimaka wa, mutum biyar sun kewaye kwamfuta ɗaya, fanka na kaɗawa bisa kansu, taga a buɗe, kabu-kabu na wucewa. Shugaban ya ce da Faransanci a kai kayan awo Mirriah kafin ƙarshen wata. Da taƙaitawa ta fito, sai ga shi an rubuta cewa wata Myriam ce za ta kai kayan awo kafin ƙarshen wata. Babu Myriam a biron nan, ba a taɓa yin ta ba. Mutanen Yamai suka karanta, suka ɗauka sabuwar ma'aikaciya ce, ba wanda ya tambaya. A taron dai, kontabul, wato mai lissafin kuɗi, ya juya Hausa ya ce kuɗin jigila jaka ɗari uku da hamsin ne, ba za su isa ba sai an ƙara. A cikakken rubutun, wurin nan wasu kalmomin Faransanci ne marasa kai da gindi. A taƙaitawa kuwa layi ɗaya ne tsaf: an tattauna kasafin jigila. Adadin ya ɓace, ƙorafin ya ɓace, kuma wanda bai halarci taron ba zai rantse an rabu lafiya.

To, yanzu ga su kansu. Ni kashi uku nake raba su, ba bisa suna ba, bisa ta inda suke jin murya.

Akwai ƴan gida, wato waɗanda ke cikin manhajar taron kanta. Zoom ta fito da AI Companion a watan Satumban 2023, kuma tana ba da shi ba ƙarin kuɗi ga wanda ya riga yake biyan kuɗin Zoom. Wanda ke kan na kyauta, mai yankewa bayan minti 40, ba shi da cikakken rabo a ciki, kuma mai kiran taro ne ke kunna shi, ba baƙo ba. Google Meet ta kawo nata mai rubuta bayanin taro da Gemini, ƙirƙirarriyar basirar Google, a watan Agustan 2024, da farko Turanci kaɗai, sai a 2025 aka ƙara Faransanci da wasu harsuna. Abin da nake so da shi, bayanin yana faɗawa kai tsaye cikin takardar Google Docs a rumbun wanda ya kira taron, ki buɗe ki gyara kamar kowace takarda. Sai dai harshe ɗaya yake bi a taro ɗaya, kuma sai da rajistar kuɗi irin ta Google Workspace. Teams kuwa tana rubuta magana da harshen da aka zaɓa mata, amma taƙaitawa mai basira sai da lasisin Teams Premium ko na Copilot, ƙirƙirarriyar basirar Microsoft. Shi Copilot, da aka buɗe shi ga kamfanoni a watan Nuwamban 2023, dalar Amurka 30 aka sa masa a lokacin, kowane mutum kowane wata, ya haura jaka 15 ke nan, kuma ban da kuɗin asalin lasisin Microsoft ɗin. Ƙungiyar da ke lissafin kuɗin man babur ba za ta saya wa mutum goma wannan ba.

Amfanin ƴan gida shi ne ba a shigo da baƙo. Muryarku tana wurin da dama can take, hannun kamfanin da kuke taro a kansa. Shi ya sa abu na farko da zan ce ki yi, tun kafin ki sauke komai, ki tambayi Yamai da masu ba ku kuɗi wane lasisi suke da shi. Sau da yawa manyan ƙungiyoyin Turai suna biyan Teams ko Zoom, maɓallin yana nan, ba wanda ya taɓa dannawa. In su ne ke kiran taron wata-wata, su kunna daga can, su turo miki, ba ki kashe ko dala ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda kika ambata, masu turo ɗan aike cikin taro, wanda ake ce wa bot. Za ki ga wani suna ya bayyana cikin mahalarta, ba fuska, ba magana, yana zaune yana ji. Otter na cikin tsofaffinsu, kamfanin Amurka ne da aka kafa a 2016, kuma a Turanci ya yi suna. Faransanci daga baya ya koya, a 2024. Na kyautarsa minti 300 ne a wata, kuma kowane taro minti 30 yake rubutawa ya tsaya. Ke kin san taron Talata: minti 30 ɗin farko gaisuwa ce da "kuna ji na?" da jiran wanda rezo ya jefar. Don haka Otter na kyauta bai yi miki ba. Fireflies ya fi shi yawan harsuna, sama da 60 yake lissafawa, yana shiga Zoom da Meet da Teams, kuma yana karɓar muryar da aka naɗa a waya a ɗora masa daga baya, abin da ke da amfani ga taron da aka yi gaba da gaba a Tanout ko Gouré inda ba a yi ta intanet ba. Fathom shi ne mai sakin hannu, mutum ɗaya yana naɗa da rubutawa kyauta ba tare da an ƙirga masa mintoci ba, sai a wajen taƙaitawa masu zurfi ne ake neman kuɗi, kuma yana jin Faransanci. Akwai wani da ba a ambata miki ba, tl;dv, kamfanin Jamus ne, yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai. In masu ba ku kuɗi masu tsantseni ne, sunansa ya fi saurin wucewa a wurinsu. Farashi da iyakokin kyauta kuwa kullum ana taɓa su, ki duba shafin kowanne ranar da za ki yi rajista. Kuma biya sai da katin banki irin Visa, da kuɗin waje, abin da shi kansa aiki ne.

Wani abu game da bot da mutane ba su lura da shi ba, kuma a wurinmu yana da nauyi: ba daga kwamfutarki yake shiga ba, daga manyan kwamfutocin kamfaninsa yake shiga, can ƙasar waje. Ma'ana ba ya cin forfenki, wato datar intanet ɗinki. Kuma in an ɗauke kuran ko rezo ya faɗi kika fita daga taro minti goma, shi yana nan zaune, ya ji abin da Yamai suka faɗa a bayanki. Ga mai zama a wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, musamman watannin zafi na Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai abin da ya iso cikin taron kawai yake ji. In muryarki ta fita a tsinke, a tsinke zai rubuta ta, ko ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Kashi na uku su ne masu zama cikin kwamfutarki su saurari abin da ke fita daga lasifika da abin da ke shiga makirfo, ba tare da sun bayyana a taro ba. Granola ne ya fi suna a nan. Tsarinsa na burge ni: ke kina rubuta ƴan kalmominki yadda kika saba, shi kuma bayan taro ya faɗaɗa su da abin da ya ji, wato ke ce gaba, shi ne baya. Amma in kin faɗi daga taro shi ma ya faɗi. Kuma da yake ba a ganinsa, nauyin sanar da mutane ana naɗar maganarsu yana wuyanki ke kaɗai. Irin wannan ne kawai ke da hanyar jin kiran WhatsApp da aka yi a kwamfuta, don bot ba ya iya shiga kiran WhatsApp. Na faɗi haka ne saboda na san rabin tarukan garin nan a can ake yin su, ko da an rubuta Zoom a ajanda.

Mu dawo kan Hausa, don na san za ki ce ai an ce wasu suna ji. Gaskiya ne an fara. Whisper, wani tsarin mayar da murya rubutu wanda kamfanin OpenAI ya saki kyauta a watan Satumban 2022 bayan an horar da shi da sa'o'i 680,000 na murya, yana da Hausa cikin jerin harsunansa, kuma manhajoji da yawa a kansa suka ginu. Amma kason Hausa cikin waɗancan sa'o'i ɗan mitsitsi ne, kuma sakamakon yana nuna haka. Na sha gwada shi da muryar mutum ɗaya a ɗaki shiru, ya kama wasu kalmomi ya saki wasu, balle taron mutum biyar da fanka. Yana kuma da wata ɗabi'a da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi rahoto a kanta a watan Oktoban 2024: yakan ƙirƙiro jimlar da ba wanda ya faɗa, musamman inda aka yi shiru. Meta ta fitar da nata aikin a 2023, mai jin harsuna sama da 1,100 har da Hausa, amma wannan kayan masu bincike ne, ba manhajar da za ki danna ta shiga taro ba. Wanda ya fi kusa da hannunki shi ne na Google: tun Oktoban 2024 allon rubutu na Gboard yana karɓar Hausa da murya. Wannan na mutum ɗaya ne, ki riƙe waya kusa da baki ki yi magana a hankali. Ba ya rubuta taro, amma yana da amfani in an tashi kina so ki zuba abin da kika riƙe a ka tun bai huce ba.

Ko ranar da suka iya Hausa sosai, akwai sauran rina a kaba. Hausar da suke koyo yawancinta ta rediyo ce da ta jaridun Nijeriya, inda dala take nufin kuɗin Amurka. A nan kuwa in mai shayi ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, dala 200 kuma jaka ɗaya. Ki yi tunanin PV da ya isa Turai yana cewa an sayi buhun gawayi dalar Amurka 600. Sannan ga kalmominmu na kullum, rezo, kuran, forfe, lakwal, waɗanda Bakano ma sai ya tambaya. Kuma mu ba ma canza harshe a ƙarshen jimla, a tsakiyarta muke canzawa, mu ɗauko aikatau na Faransanci mu sa masa riga ta Hausa. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a watan Maris na 2025, ina ganin mutane sun ƙara sakin jiki da ita a taron aiki, kuma daidai ne. Sai dai na'urorin ba su samu labari ba tukuna.

Akwai kuma abin da ya wuce kalma. In Alhaji shugaban kwamiti ya ce "to, za mu gani, Allah ya kai mu," ke da kika san shi kin san ya ƙi ke nan. In ya yi shiru ya gyara hula, kin san maganar ba ta mutu ba, za a ƙarasa ta bayan la'asar a ƙofar gidansa. Na'ura mai taƙaitawa an gina ta ne ta nemo matsaya da wanda zai aikata, don haka in ba ta samu ba sai ta ƙera. Na ga inda aka fassara "in sha Allah za mu duba" zuwa aikin da aka ɗora wa mutum har da ranar kammalawa. Irin wannan PV in ya shiga hannun mai ba da kuɗi ya zama alkawari.

Dabarar da na ga ta yi aiki ba ta kuɗi ba ce. A bar mutane su yi muhawararsu da Hausa yadda suka ga dama. Amma a ƙarshen kowane batu, shugaban taro ko ke ki matso kusa da makirfo ki maimaita matsayar da Faransanci, jimla ɗaya, a hankali: an amince da kaza, wane zai yi, ranar kaza, kuɗi kaza. Adadin kuma ki rubuta shi da lambobi a akwatin saƙon taron. A biron da na ba ki labari, da suka fara haka, taƙaitawar ta koma abin dogaro. Wani abin da ba a zata ba, su kansu mutanen suka daina tashi kowa da fahimtarsa, don sau biyu ana maimaita matsaya wani ya ce a'a, ba haka na ce ba. Sannan mafi yawan manhajojin nan suna da wurin da ake zuba musu kalmomin gida. Ki zauna rabin awa ki rubuta musu Mirriah, Matameye, Dungass, Takieta, Damagaram Takaya, sunayen ma'aikatanku da gajerun sunayen ayyukanku. Yana rage ɓarna sosai.

Batun wa ya faɗi me kuwa, ki sani yawancinsu da sunan wanda ya shiga taro suke rabawa. In ku biyar kuna bayan kwamfuta ɗaya mai suna "Biro Zinder", duk abin da aka faɗa Biro Zinder ne ya faɗa, har tarin da direba ya yi. Mafita ko dai kowa ya shiga da wayarsa da abin ji a kunne, daga ɗaki daban don kada murya ta riƙa amsa-kuwwa, wanda kuma zai ci forfe ninki biyar, ko kuma duk mai magana ya fara da faɗin sunansa. In za ku kashe kuɗi a wuri ɗaya, ni da za a bi tawa, ƙaramar lasifikar taro mai makirfo da ake ajiyewa tsakiyar tebur za a saya kafin a biya kowace rajista. Manhaja ta kyauta da murya mai tsabta ta fi mai tsada da muryar da ke fitowa daga ƙarshen ɗaki. A kashe fanka in ana iya jurewa, a rufe tagar da ke kallon titi, a kashe bidiyo don murya ta samu hanya.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma ina roƙon ki karanta shi da kyau. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka naɗa aka ajiye a wata ƙasa. Da yawa daga masu bot ɗin nan, ranar da kika yi rajista suna neman izinin shiga kalandarki, daga nan sai su riƙa shiga duk taron da ke ciki ba tare da kin kira su ba, kuma su aika wa duk wanda aka gayyata bayanin taro da an tashi. Wani lokaci haka suke zuwa a kunne, sai ke kin je kin kashe. Ya taɓa faruwa a gabana, da wata manhaja da ba sai na kama suna ba. An gama taro da mutanen Turai, suka yi sallama suka fita, namu suka zauna suna sauke gajiya, ba wanda ya lura ɗan aiken nan yana nan cikin jerin mahalarta. Aka shiga hira kan rowar masu ba da kuɗin da yadda suke son rasit ko na ruwan leda. Bayan kwata ɗaya saƙo ya tafi wa kowa, har da su. Abin dariya, Hausa ce ta rufa mana asiri, don duk hirar ta fito shirme. Jimla ɗaya tak wani ya yi da Faransanci, ita kuwa ta fito tas, ba ko kuskuren harafi. Sati biyu ana rubuta wasiƙun ban-haƙuri.

Ba a nan kaɗai ake kuka da wannan ba. A watan Agustan 2025 an shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Kaliforniya ana zargin Otter da naɗar maganar mutanen da ba su ba da izini ba da kuma amfani da ita wajen horar da na'urarsa. Zargi ne a gaban kotu, amma ya nuna miki inda gizo ke saƙa. Ita ma Zoom ta sha suka a watan Agustan 2023 kan sharuɗɗanta, har ta fito ta rubuta cewa ba ta horar da na'urorinta da murya ko bidiyon masu amfani da ita. Don haka duk wanda za ki ɗauka, ki nemi amsar abu uku a shafinsa: a ina ake ajiye muryar, ana horar da na'ura da ita ko a'a, kuma in kin goge ta tana goguwa? A gida ma akwai doka. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a watan Disamban 2022, kuma akwai HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, da ke sa ido. Bayanin lafiyar mutum na cikin waɗanda doka ta fi tsaurarawa a kansu. In a taronku ana kiran sunayen yara masu tamowa, ko matan da aka ci zarafinsu, ko jerin waɗanda za a ba tallafi da ƙauyukansu, to wannan taron ba na bot ba ne, ko na wane kamfani. Ki cire shi, ki ɗauki biro da takarda. Sauran tarukan kuma a faɗa da baki tun farko cewa ana naɗa, wanda bai yarda ba a dakatar.

To wanne za ki ɗauka? Taron wata-wata da Turai, da yake kusan duk da Faransanci ake yin sa, ki nemi su kunna na cikin Teams ko Zoom ɗinsu, shi ne mafi sauƙi kuma alhakin ajiyar yana kansu. Taron Talata da Yamai, in ƙungiyarku na biyan Google Workspace ko Zoom, ki fara da ɗan gida. In ba ku biyan komai, ki gwada Fathom ko tl;dv na kyauta, ki saita harshe a Faransanci da hannunki kada ki bar shi ya yi hasashe, ki kashe shiga taro kai tsaye, ki kashe aikawa kai tsaye, bayanin ya zo miki ke kaɗai. Fireflies ki tuna da shi in kuna da muryoyin da aka naɗo daga ƙauye da Faransanci. Otter ki bar wa masu taro da Turanci, misali in kuna da abokan aiki a Kano ko Abuja. Copilot kuwa sai in wani ne zai biya.

Kuma kada ki ajiye littafinki. Abin da zai canza shi ne ba sai kin bi kowace jimla da gudu ba: ki rubuta matsaya, adadi, da abin da aka faɗa da Hausa, na'ura ta riƙe miki doguwar maganar Faransanci. PV ɗin da zai fita ke za ki sa masa hannu, ke za a tambaya in an ga Myriam a ciki. Ki karanta shi a ranar, kafin magariba, tun kina tuna wa ya ce me.

Gani ya kori ji. Talata mai zuwa, da izinin mahalarta, ki sa biyu su shiga taro ɗaya, ke ma ki rubuta naki da hannu yadda kika saba. Da an tashi ki jera ukun a tebur ki ƙirga abu huɗu kawai: matsaya nawa kowanne ya kamo, adadin kuɗi nawa ya rubuta daidai, sunan gari ko na mutum nawa ya ɓata, da abu nawa ya ƙara wanda ba a faɗa ba. Na ƙarshen nan ki ba shi nauyi biyu. In sakamakon ya rikita ki, ki turo mini takardun bayan kin shafe sunayen mutane, ko ki biyo da su biro da safe, ban da Alhamis, don ranar kasuwa hanyar wajenmu ba ta biyuwa.